Amsoshin Tambayoyinku: Wane Babur Ya Kamata Sabon Shiga Ya Fara Saya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsa tambayoyinku. Saƙonnin wannan makon yawancinsu a kan babur suke, kuma ba abin mamaki ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, masu mota da dama sun jingine ta sun koma ƙafa biyu, masu biyan kuɗin adaidaita sahu kullum kuma suna ta lissafin ko gara su mallaki nasu abin hawan. To, bismillah.

Wasiƙar farko daga wani malamin firamare ce a Funtuwa. Ya ce: "Na kusa ɗaukar adashi, ina son sayen babur, amma keke kaɗai na iya. Abokai sun raba mini hankali. Wannan ya ce Boxer, wancan ya ce roba-roba, wani kuma ya ce in ƙara tarawa in sayi babba mai ƙarfi gaba ɗaya don kada in yi saye biyu. Wanne zan bi?"

Malam, Allah ya sa a ɗauka a sa'a. Wanda ya ce ka fara da babba, ka yi masa godiya, ka ajiye shawararsa sai nan gaba. Sabon hannu bai san nauyin totur ba tukuna. Kuskuren da ƙaramin inji zai yafe maka, babba ba ya yafewa, murɗawa ɗaya ka tsinci kanka a kwata. Duk babur da girman injinsa ke tsakanin cc 100 zuwa 125 ya ishe ka zuwa makaranta, zuwa kasuwa, har da ziyarar ƙauye.

Kafin ka je wurin masu sayarwa ma, ka fara zuwa rumfar bakaniken unguwarku ka zauna. Ka duba waɗanne babura ne suka fi yawa a gabansa, kayan wanne ne ke rataye a shagon da ke maƙwabtaka da shi. Wannan zaman ya fi maka shawarar abokai goma. Babur dai sai ya lalace wata rana, kuma ranar da kaca ta tsinke ko wayar kuloci ta katse, ba sunan kamfani ne zai kai ka gida ba, samun kayan gyara a kusa ne da hannun da ya san injin. Abin da ya sa Boxer, ƙirar kamfanin Bajaj na Indiya, ya mamaye garuruwanmu da ƙauyuka ke nan: yana jure hanyar burji da yashi, yana ɗaukar buhu, ba ya shan mai sosai, kuma da wuya ka shiga garin da ba mai iya kwance shi. TVS, shi ma ɗan Indiya, yana biye da shi. Akwai Honda Ace mai cc 125 da ake haɗawa a Ota ta jihar Ogun, inji ne mai laushi da ƙarko, sai dai ka tabbatar ana samun kayansa na asali a inda kake. Sai kuma 'yan ƙasar Sin, su Haojue da Lifan da Jincheng, waɗanda daga cikinsu ne yawancin roba-robar da muke gani, wato ƙananan baburan nan masu rufin roba a jiki.

Tsakanin Boxer da roba-roba kuwa, hanyarka ce za ta yanke hukunci. Roba-roba ba ta da kuloci a hannu, ka saki totur ka taka giya kawai, ga ta ba nauyi, ga sauƙin hawa ko da doguwar riga. Mai keke yakan saba da ita cikin 'yan kwanaki. In makarantarku a cikin gari take, kan kwalta, ni ita zan ce ka ɗauka ba tare da wata-wata ba. Amma in kullum sai ka ratsa yashi da kwazazzabai, ko da damina hanyar takan zama caɓi, za ta wahala kuma za ta wahalar da kai, robobin jikinta su yi ta karkarwa suna fashewa. A nan gara ka daure ka koyi kuloci. Tsofaffin masu hayaƙin nan da ake zuba wa man 2T, irin su AX100, suna da zafin tashi da sauƙin gyara, amma da tsadar man yanzu ba zan tura malamin makaranta gare su ba.

Abu na ƙarshe, Malam, ka hau shi a tsaye a shagon. Ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa sosai, ka karkata shi hagu da dama ka ji ko za ka iya riƙe nauyinsa. Kuma kada ka juye adashin duka a kan ƙarfen. Sabon Boxer tuni ya haura naira miliyan ɗaya, na sani, amma dole ka rage na hular kwano da lamba da takardu da kwaɗo mai kyau.

Wani matashi daga Azare ya rubuto cewa kuɗinsa ba su kai na sabo ba, an nuna masa na hannu a farashi mai sauƙi ƙwarai, sai dai mai shi ya ce rasit ya ɓata.

Ƙanina, araha ba ta ado. Na hannu ba laifi ba ne, hasali ma ga mai koyo yana da daɗi, don in ya faɗi ya ƙuje ba za ka kwana da ciwon rai ba. Amma babur marar takarda, ka bar shi ko da kyauta ne. Satar babura ta yi yawa, kuma ranar da aka gan shi a hannunka kai ne za ka yi bayani a ofishin 'yan sanda, dillalin ya daɗe da cin la'adarsa. Ka nemi rasit na asali, ka gwada lambar inji da lambar shasi da abin da ke rubuce, harafi bayan harafi, ka shafa wurin ka ji ko an goge an sake bugawa. A rubuta takardar ciniki da shaidu, da shaidar wanda ya sayar.

In takardu sun cika, sai a zo kan lafiyarsa. Ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma ku je da sassafe kafin a ɗumama injin, don inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Ya tashi a kik ɗaya ko biyu? Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta ringi ya ci, yana ƙona baƙin mai. Ku duba haƙoran sufuroket ko sun yi tsini, ku danna shokozoba ku ga ko tana yoyo, ku tsaya daga baya ku hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. In ba sa kan layi, an taɓa buga shi har ƙashin bayansa ya lanƙwashe, sabon fenti ba ya gyara wannan.

Daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar, wata malamar asibiti ta ce ta sayi ƙaramin babur don zuwa aiki, ta iya tafiya, amma da ta shiga cunkoso sai gabanta ya yi ta faɗuwa, kuma an gargaɗe ta kada ta kuskura ta taɓa birkin gaba, wai kifar da mutum yake yi.

Malama, sannu da ƙoƙari. Wannan gargaɗin ya yaɗu ko'ina, kuma ya jefa mutane da yawa a ƙarƙashin mota. In kika ja birki, nauyin babur da naki gaba yake komawa ya danne tayar gaba, don haka a kan busasshiyar kwalta kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Mai taka na baya kaɗai, tayar takan daskare ta yi ta jan ƙasa, babur kuma bai tsaya ba. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar birkin gaba da ƙarfi lokaci ɗaya, ko jan sa a tsakiyar kwana, ko a kan yashi. Matsa shi ake yi a hankali ana ƙarawa, tare da na baya, babur yana miƙe. Da yake garinku yashi ba ya rabuwa da bakin titi, in kin hau shi ki sassauta hannu, ki fi dogara da na baya, ki rage gudu tun kafin ki shiga kwana.

Ki samu fili ranar da ba kowa, filin Idi ko na makaranta. Ki ja layi a ƙasa, ki taho a hankali ki tsaya a kansa, ki sake, ki sake, kina ɗan ƙara gudu, har hannunki ya riƙa yi ba tare da kin yi tunani ba. Ki jera duwatsu ki riƙa zagaye su, idonki a inda kike son zuwa, domin babur inda ido ya kalla yake bi. Mai zura wa rami ido cikinsa yake faɗawa. Faɗuwar gaban nan da kike ji, yawancinta rashin tabbacin za ki iya tsayawa ne, in tsayawa ta zauna a hannunki za ta ragu. Ki kuma riƙe wannan lissafin: a gudun kilomita 60 a awa, kowace daƙiƙa kina cin kusan mita 17, in kuma kika ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa. Kada ki shiga tsakanin babbar mota da gefen titi tana shirin shan kwana, direban ba ya ganin ki. Ruwan farko na damina ma ki yi hattara da shi, yana taso da man da ya daɗe kwance a kan kwalta.

Sai maganar sutura, wadda ta shafi maza masu babbar riga su ma. Hijabi ko gyale ko bakin zani in ya sauka kusa da kaca ko tayar baya, naɗe shi take yi ta fizgo mutum ƙasa. Ki tattare ki zauna a kansa kafin ki tayar. Silifas kuma a bar shi a gida, a sa takalmi mai rufe ƙafa.

Wani ɗalibi daga Gusau yana tambaya, shin hular kwano dole ce ko da a cikin unguwa, ga zafi?

Dole ce, ɗan samari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, manya za su tuna yadda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. An yi dariya a lokacin, amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kusan kashi 70. Hular leburorin gini ba ita ba ce. Ka sayi mai kauri a ciki wadda ta kama kanka, ka ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita za ta riga ka isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma ta gama aikinta, ko da ba ka ga tsagewa ba. Tunda kai ɗalibi ne, bari in ƙara da wannan: madubin da 'yan'uwanka ke cirewa wai don gayu, ka bar naka a inda yake.

Mai tambaya daga Zariya yana son sanin takardun da ake nema, da kuma ko zai iya ɗan taɓa acaɓa da yamma. A Najeriya lasisin babur shi ne rukunin A, sai ka cika shekara 18. Sai rajista da lamba, da inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, wadda aka sa kuɗinta naira 3,000 ga babur tun Janairun 2023. Batun haya kuwa, ka fara tambayar dokar garin da za ka yi aiki, don ba ɗaya ba ce. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, Kano kuma ta hana goyo a babur a Janairun 2013, wasu yankunan ma sukan taƙaita hawansa da dare saboda tsaro. Ni dai shawarata, ka yi wasu watanni kana hawa kai kaɗai. Goyo yana sauya nauyin babur da tsawon birkinsa, ran wani kuma amana ne.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Birnin Kebbi: an kawo babur sabo dal, yaushe za a yi juyen baƙin mai na farko? Alhaji, littafin da ya zo da shi ne alƙali, amma yawanci bayan kilomita 500 na farko ko kusa da haka, saboda ɓurɓushin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa cikin mai. Kafin nan a lallaɓa shi, ban da gudu, ban da lodi. A bar wa kaca sako-sako na santimita biyu zuwa uku, a riƙa shafa mata mai, in hunturu ya shigo kuma a yawaita wanke matatar iska.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya kan baburan lantarki da kuma sayen babur biya sannu-sannu, wasiƙunku na nan, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.