Maroko: Ƙasa, Tarihi da Gadon Sarauta

Assalamu alaikum. Jama'a, ƙasar da za mu duba a zamanmu na yau ita ce Maroko, wadda Larabawa ke kira Magrib, wato mafaɗar rana, domin daga ita sai Tekun Atlantika. Ta arewa kuwa Bahar Rum ne, kuma a mashigin Jibraltar tazarar da ke tsakaninta da Sifaniya ba ta wuce kilomita 14 ba. Duwatsun Atlas sun ratsa ta tsakiya, mafi tsawonsu shi ne Tubkal mai mita 4,167. Ruwan da ke gangarowa daga ƙanƙarar da ke kansu shi ke shayar da gonakin alkama da zaitun ta ɓangaren teku, yayin da bayansu sai dabino da rairayin Sahara. Mutanen ƙasar sun kusa miliyan 37, Larabawa da Barbar masu kiran kansu Amazig. Rabat ce fadar gwamnati, amma kasuwa da masana'antu suna Kasablanka.

Wanda yake son gane yadda sarauta ta yi saiwa a can, sai ya koma shekarar 788, lokacin da Idris ɗan Abdullahi, sharifi daga zuriyar Sayyidina Hasan, ya tsere wa Abbasiyawa, Barbar suka karɓe shi suka yi masa mubaya'a. Ɗansa ya raya birnin Fas, inda Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a 859. Daga baya daular Barbar ta Murabiɗai ta zo ta kafa Marrakesh, wata daular Barbar ta Muwahhidai ta gaje ta, kuma duk ƙarfin Daular Usmaniyya da ta mamaye Aljeriya ba ta taɓa mallakar Maroko ba.

A nan zan ɗan dakata, domin tarihin ya shafe mu. A 1591 Sarki Ahmad al-Mansur ya turo runduna da bindigogi ta ƙetare hamada, ta karya Daular Songhai a Tondibi, sannan aka kwashi malaman Tumbutu, ciki har da Ahmad Baba, zuwa Marrakesh. A tawa fahimtar, wannan tabo ne da ba a faye ambatonsa ba idan ana zancen zumunci. Amma ta wannan hamada ce ayari ke kai jar fatar akuya da majeman Kano da Sakkwato suka jeme, Turawa su saya su ce fatar Maroko ce. Har gobe kuma 'yan Tijjaniyya daga ƙasar Hausa suna ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815.

Gidan da ke mulki yanzu, wato Alawiyyawa, su ma sharifai ne daga Tafilalt, kuma suna kan karaga tun ƙarni na 17. A 1912 Faransa da Sifaniya suka raba ƙasar da sunan ba ta kariya. Faransawa sun yi kuskure babba a 1953 da suka tsige Sarki Muhammadu na Biyar suka kai shi tsibirin Kosika, daga can Madagaska, domin korar ce ta mayar da shi gwarzon masu neman 'yanci. Ya dawo a 1955, aka sami mulkin kai a 1956. Ɗansa Hasan na Biyu, wanda ya tsallake yunƙurin juyin mulki a 1971 da 1972, shi ya tura mutum 350,000 tattaki zuwa Yammacin Sahara a 1975 domin neman mallakar yankin, kuma rikicin yankin ne ya sa Maroko ta fice daga ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984, ba ta dawo ba sai 2017.

Muhammadu na Shida ya hau mulki a 1999. Bayan zanga-zangar 2011 ya kawo sabon tsarin mulki wanda ya wajabta masa naɗa shugaban gwamnati daga jam'iyyar da ta fi samun kujeru a majalisar wakilai mai mambobi 395, ya kuma mayar da harshen Amazig na hukuma tare da Larabci. Sai dai kada wannan ya ruɗe ku, domin wuƙa da nama suna fada. Sarki ne Amirul Muminina, shi ne kwamandan askarawa, shi ke jagorantar majalisar ministoci, kuma yana da ikon rusa majalisar dokoki. Kowace shekara a bikin hawan karaga, za ku gan shi ya fito (a da bisa doki yake fitowa an riƙe masa laima), gwamnoni da hakimai sanye da farar jallabiya suna rusunawa sahu bayan sahu, suna sabunta mubaya'a.