Darasi: Zaɓen Fitilar Tankin Murjani da Zaman Kifin Ɗan Kama Wuri Ɗaya

Assalamu alaikum jama'a masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Tankin gilashin da kuke gani a bayana yana cin lita 200 na ruwan gishiri, kuma a kansa za mu yi darasin yau, wanda ya shafi abubuwa biyu da sababbin shiga wannan kiwo suka fi tafka asara a kansu, wato fitilar da ake rataya wa tanki da kuma yawan kifin da ake zubawa a cikinsa.

Bari mu fara da murjanin kansa, domin wanda bai san dabbar da yake kiwo ba ba zai san abincin da zai saya mata ba. Mu mun fi sanin murjani a wuyan amare, amma wancan jan dutsen ado ƙashin wata halitta ce da aka daɗe ana cirowa daga Bahar Rum, kuma ita ba ta dogara da haske wajen rayuwa. Danginta da muke ajiyewa a tanki daban suke. A cikin naman jikinsu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, masana suna kiransu zuzanteli. Waɗannan ƙwayoyi su ne suke karɓar haske su sarrafa shi ya zama sukari, kamar yadda ganyen gero yake yi a gona, sannan su miƙa wa murjanin kaso mai tsoka daga abin da suka samar, shi kuma ya ba su masauki da taki. Ke nan fitilar da ke saman tankin nan ita ce akushin murjani, kuma da wannan idon ya kamata a dube ta ranar da za a saya. Kifi kuwa, kowace fitila mai tsabtar haske ta ishe shi. Wanda kifi kaɗai zai ajiye tare da duwatsu, ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan fitila mai tsada.

Abu na farko da ake dubawa shi ne launin hasken. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko daga sama, shuɗi kuwa yakan nutsa can ƙasa, shi ya sa gansakukar da ke jikin murjani ta fi amfana da hasken da tsawon zangonsa ya faɗa tsakanin nanomita 400 zuwa 500, wato daga shuɗi mai duhu zuwa shuɗi mai haske. Idan kuka ga an rubuta Kelvin 10,000 ko 14,000 ko 20,000 a jikin kwalin fitila, launi ake nufi, kuma gwargwadon hawan lambar gwargwadon rinjayen shuɗi. Lambar Kelvin ba ta faɗin ƙarfin fitila ko kaɗan, kuma da yawa sun ruɗe a wannan gaɓa.

Ƙarfin hasken da ke amfanar murjani ana auna shi da ma'aunin da ake kira PAR, wanda yake ƙididdige hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 da yake sauka a kan wuri cikin kowace daƙiƙa. Rana tsaka a ƙasashe masu zafi takan kai wajen 2,000 a saman ruwa. Ma'abota wannan kiwo sun saba ba murjani mai laushi, irin mai kama da laimar kwaɗi, tsakanin 50 zuwa 100. Mai ƙashi da kaurin nama, kamar Euphyllia da kuke gani tana kaɗawa a gefen dama, yakan wadatu da 75 zuwa 150, shi kuwa mai rassa kamar ƙaya, irin Acropora, yana son 200 zuwa 350 ko sama da haka kaɗan. Idon mutum ba ya iya kimanta wannan, saboda idonmu ya fi jin kore da rawaya, har ta kai fitila mai shuɗin haske tana iya zama dishi-dishi a ganinmu alhali tana gasa murjani. Ga na'urar aunawa a hannuna, ta kamfanin Apogee ce, kuma ba lallai ne kowa ya mallake ta ba, aro na yini ɗaya ya isa. Ku lura da yadda lambar take sauka yayin da nake nutsa kan na'urar daga saman ruwa zuwa kan yashi, da kuma yadda take faɗuwa idan na matsa kusurwa. Da wannan awo ake raba wa kowane murjani mazauninsa, mai son haske a saman dutse, mai son inuwa a ƙasa ko a ƙarƙashin lungu.

Fitilun da ake amfani da su iri uku ne. Tsohon yayi shi ne metal halide, mai wat 150 ko 250 ko 400, wanda ya raya murjani shekara da shekaru kuma har yau ba a raina aikinsa, sai dai yana shan wuta kuma yana dafa ruwa. Akwai dogon ƙwai na T5, wanda mai tsawon ƙafa huɗu yake cin wat 54. Haskensa yana bazuwa daidai ko'ina ba tare da inuwa mai kaifi ba, amma ana sauya ƙwan kusan kowace shekara ko kafin haka, domin ƙarfinsa yana raguwa tun ido bai lura ba. Sai kuma LED, irin na Kessil da Radion da AI, wanda ake iya rage masa ƙarfi da sauya launinsa ta waya. Aibinsa shi ne haskensa yana fitowa daga wuri ƙarami, sai ya taru a tsakiya ya bar gefe, ƙasan rassan murjani kuma ya zauna cikin inuwa. Maganin wannan shi ne a ɗaga fitilar sama kaɗan, ko kuma a rataya matsakaita guda biyu a maimakon babba guda ɗaya.

A ra'ayina, wanda yake zaune inda zafin bazara yake haura digiri 40 kuma ake yawan ɗauke wuta, kamar yadda muke fama a Kano ko Maraɗi, LED ne ya dace da shi. Murjani yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, idan kuwa ya daɗe a wajen 30 sai ya fara korar gansakukar jikinsa, don haka duk fitilar da za ta ƙara wa ruwa zafi ta zama kaya a kan kaya. LED kuma ba ya nauyi ga sola da inbata. Amma in wuta ta ɗauke kuma batir ya yi ƙasa, fitila ce ta farkon kashewa. Tanki yana iya kwana biyu ko uku cikin duhu ba abin da ya same shi, amma in famfon da ke motsa ruwa ya tsaya, iskar shaƙa tana iya ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan, musamman a lokacin zafi.

Yanzu ga kuskuren da na taɓa yi da hannuna. Ranar da na sami sabuwar fitila, ɗoki ya sa na buɗe ta iya ƙarfinta a kan murjanin da ya saba da tsohon ƙwai mai rauni. Kwana biyar ban ga komai ba sai kyau. A rana ta shida na lura wani murjani mai ruwan ƙasa da ke can saman dutse ya fara koɗewa daga bisa, gefen da ke fuskantar inuwa kuwa yana nan da launinsa. Kafin mako biyu samansa ya yi fari fat kamar alli, ana hango ƙashin ta cikin naman. Haske ne ya yi wa gansakukar yawa, ta fara fitar da sinadarai masu cutar da mai masaukinta, shi kuma ya tofar da ita. Na sauko da shi ƙasa, na rage fitilar, amma sai da ya shafe watanni kafin ya dawo hayyacinsa. Tun daga ranar, duk sabuwar fitila nakan fara ta da kusan rabin ƙarfin da nake nufi, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako har wata guda ko fiye. Murjanin da haske ya yi masa kaɗan yakan yi duhu ne sannu a hankali, ya ba mai shi lokacin gyarawa, wanda haske ya yi wa yawa kuwa ba ya jira. Tsawon lokacin kunna fitila sa'a takwas zuwa goma ya wadatar, kuma a sa mata agogon da zai kunna ya kashe a lokaci guda kullum.

To, mu juya ga waɗannan kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari uku. Turawa suna kiransu kilaunfish, yara kuma sun san su ta fim ɗin katun na Finding Nemo da ya fito a 2003. Ni ɗan kama nake ce wa wannan kifi, saboda kwalliyarsa da yadda yake rangaji idan yana iyo. Akwai kusan iri 30, duka a Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik da Bahar Maliya. Babu ko ɗaya a Tekun Atalantika, saboda haka ba a kama shi a gaɓar Legas, amma akwai wani iri mai ratsi biyu, Amphiprion bicinctus, a gaɓar Sudan da ta Jidda. Waɗanda ke cikin tankina Amphiprion ocellaris ne, tsawonsu ba ya wuce santimita 11, kuma su ne mafi sauƙin hali. A nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, domin sun saba da abincin gwangwani kuma sun fi na teku jure zaman tanki.

Tambayar da ake yawan yi mini ita ce, guda nawa za a iya haɗawa? Amsar tana cikin halittar kifin. Babu ɗan kaman da ake ƙyanƙyashewa mace. A kowane gida nasu a teku, mafi girma ita ce macen, mai bi mata a girma shi ne mijinta, sauran kuma ƙanana ne da ba su hayayyafa, kowa yana jiran layi. Idan macen ta mutu, mijin sai ya rikiɗe ya zama mace, babba daga cikin masu jira kuma ya zama miji, kuma wanda ya zama mace ba ya komawa namiji har abada. Wani masani mai suna Peter Buston, wanda ya yi nazarin Amphiprion percula a Madang ta ƙasar Papua New Guinea, ya wallafa cewa kowane na ƙasa yana taƙaita girmansa ya tsaya a kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon wanda yake gaba da shi, don kada a kore shi daga gida. A teku wanda aka matsa wa yana da inda zai raɓe, a cikin gilashi kuwa bango huɗu ne.

Saboda haka a tanki na gida, guda biyu ake ajiyewa, iri ɗaya, kuma lita 75 ita ce mafi ƙarancin abin da zan ba su. Ko dai a sayi ƙanana biyu a zuba su rana ɗaya su sasanta kansu, ko kuma, in akwai ɗaya da ya daɗe shi kaɗai, a ɗauka ya riga ya zama mace, a kawo masa ƙarami sosai wanda aka ciro daga cikin tarin ƙanana. Manya biyu da kowannensu ya zauna shi kaɗai, mai yiwuwa mata biyu ne, kuma zamansu ya fi na kishiyoyi muni, domin sai ɗaya ta kashe ɗaya. Na uku kuma, ko da an ga ana zaman lafiya da shi watanni, ranar da biyun suka balaga suka zaɓi wurin ƙwai za su taru a kansa. Akwai kuma wani irin ɗan kama ja mai ƙaya a kumatu, wanda ake kira maroon, macensa takan kai santimita 17 kuma ta fi kowa faɗa, ba a haɗa ta da wani iri, har hannun mai ita takan ciza idan ya sa shi cikin ruwa.

A kwanakin farko za a ga kora da 'yar cizo, wannan ba abin tsoro ba ne. Alamar da ake jira ita ce ƙaramin ya karkata gefe guda a gaban babbar, jikinsa ya hau karkarwa kamar mai jin sanyi na daƙiƙa biyu ko uku. Mubaya'a ce yake yi, kuma da zarar ta karɓa rigima takan lafa. Amma in aka ga fiffikensa ya yayyage, ya maƙale a kusurwar sama kusa da famfo, ya daina cin abinci, sai a raba su nan take, a sa babbar cikin ƙaramin akwati mai huji a cikin tankin na 'yan kwanaki sannan a sake gwadawa. A rufe saman tanki da raga, domin wanda ake kora yakan yi tsalle ya faɗo waje. Kuma duk sabon kifi ya fara zama a wani tanki daban na kimanin mako huɗu, saboda cutar Brooklynella, wadda take sa yauƙi fari ya lulluɓe jikinsu su riƙa haki, tana kashewa cikin kwanaki kaɗan.

Game da animoni, wato halittar nan mai kama da fure mai yatsu masu harbi wadda suke fakewa a cikinta a teku, ɗan kama ba ya bukatarta a tanki. Nawa sun ɗauki wancan murjanin na gefen dama ya zama gidansu. Wanda ya nace sai ya ajiye ta, ya jira tankinsa ya yi aƙalla wata shida, ya fara da Entacmaea quadricolor mai kumburarrun yatsu, ya kuma sani cewa ita ma da gansakuka take rayuwa, don haka tana son haske mai ƙarfi, in ba ta same shi ba sai ta tashi yawo tana harbin duk murjanin da ta tarar a hanya.

Idan zama ya yi daɗi, gishirin ruwa ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, abinci kuma ya wadata, wata rana za ku ga su biyun suna ta goge wani gefen dutse da baki. Bari in matso da kyamara, ga ƙwan nan manne a gindin dutsen, jiya ruwan lemo ne, yau ya fara duhu. Mijin ne yake gadinsu, yana yi musu fifita da fiffike, yana tsince wanda ya lalace. Nan da kusan mako guda za a ga idanun 'ya'yan suna ƙyalli kamar azurfa ta cikin ɓawon, kuma ba za su fito ba sai bayan fitila ta mutu duhu ya shiga. Wanda yake son ya rene su, a daren nan zai tsaya da ƙaramar tocila da kwano ya kwashe su zuwa wani tanki, in ba haka ba kafin gari ya waye famfo da sauran mazauna tankin sun gama da su. Yadda ake ciyar da su a makon farko shi ne darasinmu na gaba. Mu kwana nan, wassalamu alaikum.