Lacca: Shayin Pu'er da Ɗacin da ke Komawa Zaƙi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan wannan faifan shayi da ke hannuna.

Na farko, asalinsa. Daga lardin Yunnan yake, kudu maso yammacin ƙasar Sin, ya kuma ci sunan garin Pu'er, tsohuwar kasuwarsa. Manyan ganye ake tsinkowa, a gasa sama-sama a kasko, a murza, a shanya a rana, a turara, a matse ya zama faifai mai giram 357. Bakwai-bakwai ake ɗaurewa cikin ɓawon gora. Wannan shi ne ɗanye, "sheng". Akwai "shou", wanda aka ɓullo da shi a Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973, ana jiƙa ganyen a rufe ya nuna cikin makonni. Ba shi ya tara mu ba.

Ɗanyen nan in sabo ne, ɗaci da bauri kamar ya ɗaure maka harshe. Amma bar shi shekara 15 ko 20. Ruwansa ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ja, ƙamshinsa kamar tsohon katako da busasshen dabino, wani har da kafur. To ga inda nake so ku saurara. Sinawa suna da kalma, "huigan", zaƙin da ke dawowa. Baba, kai da ke cin goro, in ka tauna ka kora da ruwa, me kake ji? Yauwa! Zaƙi a maƙogwaro. Shi ne fa. Ka kurɓa, ka haɗiye, ka yi shiru. Ka yi shiru, na ce! Kada ka yi hanzarin ƙarawa. Sai ka ji yawu na tsattsafowa, zaƙin na tasowa daga can ƙasa, ba a kan harshe ba, daga maƙogwaro. Ranar da na fara jin haka, wallahi na fi minti goma ban ce uffan ba. Shi ya sa nake roƙonku, kada ku yanke wa shayin nan hukunci a kurɓar farko.

Na uku... au, na biyu ko? Dafawa. Ɓanɓaro giram bakwai, ruwa mai tafasa kamar rabin kofi. Zubin farko wanki ne, a zubar. Sannan kowane zubi ya jiƙa daƙiƙa goma-goma, kana ƙara lokacin a hankali. Masu ataya zagaye uku suke yi. Wannan sai ya kai goma bai gaji ba.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko za a iya ajiye shi a gida ya tsufa. Hajiya, nan fa akwai aiki. Shayin nan yana son ɗan danshi: a Hong Kong yana saurin nuna, a Kunming mai bushewa yana nawa. Hunturunmu kuwa sai ya busar da shi ƙamas, ƙamshin ya gudu. Ki bar shi a takardarsa, ki sa a tukunyar ƙasa mai murfi. Kuma don Allah, nesa da daddawa da turaren wuta, domin duk abin da ya shaƙa sai kin ji shi a kofi.