Kevin Weekes: Daga Tsaron Raga Zuwa Sharhi a Talabijin

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abu uku zan faɗa a kan mutumin nan, Kevin Weekes, tsohon gola da ya koma sharhin wasa a talabijin, in lokaci ya bari.

Na farko, wasan kansa. Ƙwallon gora ne, amma a kan ƙanƙara ake yi, mutum shida-shida, zango uku na minti 20. Na ga wani yana dariya; e, mu da sanyin hunturu ke hana mu wankan safe, su a kan ƙanƙara suke neman abinci! An haifi Weekes a Toronto ta Kanada a 1975, iyayensa 'yan Barbados ne. Ƙungiyar Florida Panthers ta zaɓe shi a 1993, kuma ƙungiya bakwai ya tsare wa raga a gasar NHL, babbar gasar wasan nan ta Kanada da Amurka, kafin ya ajiye wasa a 2009.

To ga inda nake son ku buɗe kunne, musamman ku masu son aikin sharhi. Gola ne. Gola fa! Ragarsu ƙafa shida ce a faɗi, ƙafa huɗu a tsayi, abin da ake bugawa kuma ɗan faifan roba ne baƙi, bai fi tafin hannu ba, yana iya zuwa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. In ka jira sai ka gan shi, ya riga ya shige. Don haka gola ba faifan kaɗai yake kallo ba: yana kallon kafaɗar mai bugu, da yadda ya karkata gorarsa, da wanda ya laɓe a gefe babu mai tsaronsa. Kowa na gudu, shi yana tsaye yana karatu. Yana karatu, na ce.

Kuma a ƙarshen wasansa benci ya fi zama. A New York Rangers matashi Henrik Lundqvist ya karɓe ragar, a New Jersey Devils kuma Martin Brodeur ne babban gola, shi yana bayansa. Wani zai ce wannan ai koma baya ne. Ni ban ga haka ba. Mutum ya zauna dab da fili, dare bayan dare, da idon gola, yana kallon gwanaye biyu irin waɗannan, yana jin abin da koci ke faɗa, wace makaranta ce ta fi wannan? Shi ya sa in ya yi sharhi ba ya tsayawa a "an ci". Sai ya mayar da kai daƙiƙa uku baya, ya nuna maka inda ɓarakar ta fara. Masu sharhin ƙwallon ƙafarmu, don Allah ku riƙe wannan.

Na biyu... a'a, na uku ke nan ko? Oho. A 2009 ya fara sharhi a shirin talabijin na Hockey Night in Canada da tashar NHL Network, a 2021 kuma ya shiga tashar wasanni ta ESPN. Na'am, malama, ina jin ki?

Tana tambaya ko ya sha wariya, kasancewarsa baƙar fata. Ya sha, 'yar'uwa. A 2002, yana Carolina Hurricanes, wani ɗan kallo a Montreal ya jefe shi da ayaba a wasannin neman kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL. Abin yana min ciwo har yau. A shekarar Carolina ta fitar da Montreal, ta kai wasan ƙarshe, Detroit ta doke ta. Weekes ne kuma ake lissafawa baƙar fata na farko da ya zauna kujerar sharhin wasan nan a talabijin. An kira salla, ko? To mu tashi.