Waya a Hannun Malami: Me Yaro Zai Yi da Ita?

Wannan lacca ce da aka gabatar a wani taron malaman firamare da sakandare a Kano. An rubuto ta daga sautin da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwana malamai maza da mata, barkanmu da warhaka. Na baya can kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan kayan zamani da ake koyarwa da su, da manhajojin da ke haɗa mutane su yi aiki tare ta intanet. Abubuwa huɗu na tsara. Na farko kayan kallo da sauraro, na biyu aikin haɗin gwiwa, na uku gwaji da ba da maki, na huɗu kuma tsaron yaranmu. Allah ya sa lokaci ya ishe mu.

Kafin na farkon, bari in tuna mana 2020. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, yara suka yi wata da watanni a gida. Me ya ceci waɗanda aka ceta? Rediyo da WhatsApp. Jihohi suka riƙa sa darussa a rediyo da talabijin, malamai kuma kowa ya buɗe zaure da iyayen yara. Babu wanda ya horar da mu, dole ce ta koya mana. Saboda haka duk wanda ya ce malamin Arewa ba zai iya da fasaha ba, bai ga abin da muka yi a shekarar nan ba.

To, na farko, kayan kallo. Wannan ba zan daɗe a kai ba, don kun san shi. Akwai Khan Academy, darussan bidiyo kyauta. Akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, an tsara shi a kan manhajar karatunmu. Malaman kimiyya, ku rubuta wannan: PhET. Jami'ar Colorado ce ta Amurka ke yin sa, wani masanin kimiyya Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel ya kafa shi a 2002. Yaro zai haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila a kan allon kwamfuta, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru, ya ƙara ya ƙara har abin ya kama da wuta, kuma ba a yi asarar ko sisi ba. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Masu lissafi kuma ga GeoGebra.

Amma ku ji ni da kyau. Kallo ba koyo ba ne. Kallo ba koyo ba ne, jama'a. A 2005 aka fito da wani shiri na ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta, One Laptop per Child, har an gwada shi a wata firamare a Galadima ta Abuja. Ƙasar Peru ta rungumi abin hannu bibbiyu, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci. Da aka yi bincike a makarantu fiye da 300 na karkara, aka fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa kwamfuta ƙwarai, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Me ya sa? An ba yaro na'ura, ba a sauya aikin da ake ba shi ba, ba a kuma shirya malaminsa ba. Don haka tambayar da nake so kowa ya riƙe ita ce: idan na kawo wannan abu aji, me yaron zai yi da hannunsa da bakinsa da ƙwaƙwalwarsa?

Shi ya kawo ni na biyu, kuma wallahi nan ne zuciyata take. Rubutun haɗin gwiwa.

Ku duka kun san aikin rukuni yadda yake. Ka raba yara shida-shida, ka ba su jinga. Yarinya ɗaya mai ƙoƙari ta kwana tana rubutu, sauran biyar su kawo sunayensu a sa a bango. (dariya) Ai ga shi kuna dariya, kun san gaskiya ne. Kai malam ka karɓa, ka ba su maki iri ɗaya, ka san akwai zalunci a ciki amma ba ka da hujja.

To Google Docs ya zo da wani abu. Takarda ce guda ɗaya a intanet, mutane da yawa su buɗe ta a lokaci guda, kowa yana rubutu, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa. Kuma tana ajiye tarihin gyare-gyare: wane ne ya rubuta wane sakin layi, da ƙarfe nawa, me ya goge, me ya mayar. A kwamfuta aka fi ganin wannan tarihin sosai. Kai malam ka buɗe, sai ka ga aikin tun yana jariri har ya girma. Ka ga inda yaro ya fara da kuskure, ya dawo ya gyara da kansa. Wannan abu, littafin rubutu bai taɓa nuna mana shi ba. Littafi ƙarshen aiki yake kawo maka. Wannan kuwa hanyar da yaro ya bi yake nuna maka, kuma a kan hanya ake koyarwa.

Bari in ba ku misali yadda nake yi. A ce 'yan ajin huɗu na sakandare ne, darasin Hausa ko na tarihi. Ka ce wa rukuni ɗaya su je marinar Ƙofar Mata. Waya ɗaya ta ishe su. Su gaida marini da ladabi, su nemi izininsa, sannan su naɗi muryarsa. Su tambaye shi yadda ake haɗa baba da toka a karofi, kwana nawa ake bari kafin ruwan ya nuna, me ya sa ake tsoma zane a fito da shi a sake tsomawa. Za su ga da idonsu zane ya fito da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Nan fa malamin kimiyya ma ya samu darasi, don iskar ce ke aiki a kan rinin. Su dawo, a raba sautin: kai minti uku na farko, ke minti uku na biyu. Kowa ya saurara ya rubuta abin da ya ji a takardar nan guda ɗaya.

A nan ne abin daɗin yake. Ɗaya zai rubuta magana, ɗaya ya sa masa sharhi a gefe ya ce ba haka Baba ya faɗa ba, koma ka sake ji. Su yi ta musu a kan abin da dattijo ya ce. Yara suna musu a kan ilimi, ba a kan ƙwallo ba! Ni idan na ga irin wannan musu a gefen takarda, ranar barci nake da daɗi. Kuma kai malam kada ka gyara musu. Don Allah kada ka gyara. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi, ka daure. Ka haska jimlar, ka sa tambaya: wa ya faɗi wannan, marinin ko ku? Ko ka ce: wannan sakin layi da na samansa, wanne ya kamata ya riga? Ka bar su su gyara. Idan ka gyara musu, kai ka koyi darasin, su kuwa sun samu takarda mai tsabta kawai.

Wani zai ce to idan waya ɗaya suke amfani da ita, ai suna ɗaya tarihin zai nuna. Haka ne. Sai ka ce kowa ya sa sunansa a farkon nasa kason, kuma ranar gabatarwa ka tambayi kowa a kan kason wani, ba nasa ba. Nan take za ka gane wanda ya karanta aikin duka.

Kuma ba sai rini ba. Wanda ke ƙauye yana da maƙeri, yana da masaƙi, yana da tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa, waɗanda idan ta rasu sun tafi ke nan. Yaranmu su naɗa, su rubuta. Ku dubi abin da ke intanet da Hausa, ku gwada shi da yawan masu jin Hausa, za ku ga bai taka kara ya karya ba. Akwai Wikipedia ta Hausa, 'yan sa-kai ke rubuta ta, kuma tana buƙatar hannu. Wa zai cike giɓin in ba yaran da ke gabanmu ba? Sai dai ku sa su sanya madannin Hausa a wayar, Gboard yana da shi, don haruffa masu lanƙwasa su fito daidai tun daga farko.

Af, na manta ban faɗi saƙon murya ba. Malaman Turanci da Larabci, yaron da kunya ke hana shi buɗe baki a aji, ka ce ya karanta sakin layi ɗaya ya turo. Zai naɗa, ya saurara, bai yi masa ba, ya goge, ya sake. Kafin ya turo ya karanta sau da yawa, ba tare da ka ɗaga bulala ba.

Ina muke? Na uku ne ko na huɗu? Shugaba yana nuna mini agogo. To, gwaji a gurguje. Google Forms zai yi maka tambayoyin zaɓi, ya duba da kansa, ya nuna maka tambayar da yawancin aji suka faɗi, gobe sai ka fara daga nan. Kuma kada mu manta tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, mun cuce shi. Google Classroom kuma, tun 2014 yake, wuri ne na tattara jinga da sanarwa, a wani zaman ma yi shi a aikace. Na'am, Malama, bismillah.

Wata malama daga cikin mahalarta: Malam, Allah ya saka da alheri. Ni a makarantar 'yan mata nake, ajina ya haura ɗalibai tamanin. Yawancinsu ba su da waya, iyaye ba za su ba su ba, makaranta ma ta hana shigowa da ita. Wuta kuma sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Mu ina namu rabon a cikin wannan bayani?

Malama, na gode, kuma tambayarki ta fi abin da ya rage a takardata muhimmanci, don haka a kanta zan ƙarasa.

Da farko, iyayen nan ba su yi laifi ba. Uban da ya ce 'yarsa mai shekara goma sha huɗu ba za ta riƙe waya ba, yana da dalilinsa, kuma mu ma iyaye ne. Kada a taɓa sa waya ta zama sharaɗin samun maki. Duk aikin da aka ba da ta waya, a ba da hanyar yin sa a takarda, maki iri ɗaya.

Sannan wayarki ita kaɗai tana iya aiki. Akwai manhaja ana ce mata Plickers. Za ki buga katuna a takarda, kowace ɗaliba da nata, kowane kati yana da wani zane mai gefe huɗu, A, B, C, D. Ki yi tambaya, kowa ta juya gefen amsarta sama ta ɗaga. Ki ɗaga wayarki ki zagaya ajin da kyamara, nan take ki ga wa ta gane wa ba ta gane ba. Ta kusa da ita ba za ta iya karanta amsarta ba, don haka babu kwaikwayo, babu kunya. Katunan 63 ne iyakarsu, to aji irin naki sai ki raba shi biyu ko su riƙe bibbiyu su yi shawara kafin su ɗaga.

Maganar rashin data da sabis kuma, akwai Kolibri, wata ƙungiya Learning Equality ce ta yi shi domin irin makarantunmu. A sa shi a kwamfuta ɗaya, a kai ta inda akwai intanet a sauke darussa sau ɗaya, a dawo da ita makaranta. Sauran na'urori su haɗu da ita ta Wi-Fi na cikin gida, ba a taɓa data ba. Akwai kuma Kiwix, wanda ke sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Ƙaramar sola da batir za su riƙe kwamfuta ɗaya. Wannan abu ne da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya tattaunawa a zama ɗaya.

Aikin haɗin gwiwar nan ma da na cika ku da shi, ki fara shi a takarda. Su yi hira da kakanninsu a gida, su rubuto. A aji rukuni ya ba wa rukuni, su sa wa juna tambayoyi a gefe da jan biro. Wanda ya fi kyau, ranar Juma'a ki ba su wayarki su buga shi a gabanki.

Kuma tunda maganar 'yan mata ce, in faɗi abin da na so in faɗa a na huɗu, maza ku saurara. Malami ba ya tura wa ɗaliba saƙo ita kaɗai, ko da na karatu ne. Komai a zaure, kuma zauren da lambobin iyaye, da hedimasta ko wata malama a ciki. Kada a ɗora hoton yaro ko makinsa a Facebook ba da izinin iyayensa ba. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, ta kuma shafi yara.

Malama, bayan sallah ki same ni da ke da duk mai irin matsalarki, mu buga katunan nan mu gwada su a nan ɗakin. Wanda ya zo da memori kuma ya kawo in tura masa manhajojin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.