Zanen da ke cikin ƙananan littattafan barkwanci na yaran da

Ku ƙaddara ga wani ɗan littafin barkwanci na yaran da a kan tafin hannunku. Bai fi kwalin ashana girma da yawa ba, shafukansa 'yan kaɗan ne, takardarsa kuma ta yi ruwan ƙasa saboda tsufa. A wurin masu tara irin waɗannan littattafai a Amurka, ƙa'idar ita ce kada tsawon littafi ko faɗinsa ko kaurinsa ya wuce inci 3. A wannan ɗan fili aka buƙaci mai zane ya sa yaro dariya, kuma ƙarancin filin ne ya haifar da salon da ake sha'awa a yau.

Tushen abin yana Ingila, a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da 'yan koli ke yawo gari-gari da ƙananan littattafan tatsuniya da kacici-kacici, suna sayar da kowanne a kan kwabo ko sisin kwabo. Falle ɗaya ake bugawa, a ninke shi ya zama shafi 8 ko 16 ko 24. Hotunan kuwa a jikin katako ake sassaƙa su, kuma da yake sassaƙar tana cin kuɗi, mai ɗab'i yakan yi ta maimaita katako ɗaya, har karen da ya fito a wannan littafi ya sake ɓullowa a wani labarin da babu ruwansa da kare.

A Amurka, kamfanin Cracker Jack na birnin Shikago, mai sayar da gugguru da gyaɗa masu zaƙi, ya fara saka 'yar kyauta a cikin kowane kwali a shekarar 1912, kuma ƙananan littattafan barkwanci da na kacici-kacici suna cikin kyaututtukan da yara suka riƙa cin karo da su shekara da shekaru. Abin da za a bayar kyauta dole ne ya yi arha ƙwarai, saboda haka aka taƙaita launi, aka yi amfani da takarda mai sauƙin kuɗi.

A nan gwanintar mai zane take fitowa. Ku lura da kaurin layin baƙin da ya kewaye kowace sura, domin siririn layi ɓacewa yake yi idan tawada ta nashe a takarda mai araha. Ku lura kuma da yadda kai ya fi gangar jiki girma: dariyar a fuska take, don haka fuska ce ta cinye filin, idanu warwaje, baki wangame, gira ta tashi sama har ta rabu da goshi. Bayan hoton kusan wayam ne. Layi ɗaya a kwance ya isa ya zama ƙasa, 'yan ɗigon gumi uku da ke tsalle daga kai sun isa su nuna cewa mutum ya shiga uku. Idan aka matso da gilashin ƙara girma, za a ga cewa abin da ido ya ɗauka launin fatar mutum ne, ashe jerin ƙananan ɗigogin ja ne a kan farar takarda, dabarar da wani mai zane kuma mai ɗab'i Ba'amurke, Benjamin Day, ya fito da ita a 1879. Sau da yawa jan yakan zame ya tsallake layin baƙin, sai a ga hular yaro ta ɗan gusa daga kansa. A wurin mai ɗab'i wannan kuskure ne, amma a ganina yana cikin abin da ke sa hoton ya zama kamar yana motsi.

Shi kansa tsarin shafin wani ɓangare ne na wasan. Ana ajiye tambaya tare da hoton da ke karkatar da tunanin yaro, amsar kuma a ɓoye ta a shafi na gaba ko a buga ta a kife a ƙasa, ta yadda sai ya juya littafin kafin ya gane an yi masa wayo. Aikin mai zane shi ne ya kusanto da amsar ba tare da ya tona ta ba. Lokacin da barkwancin giwa ya zama yayi a Amurka a farkon shekarun 1960, masu zane sun samu abin da suke so, domin cusa giwa a shafin da bai kai tafin hannun yaro ba abin dariya ne tun kafin a karanta kalma ɗaya.

Yawancin masu wannan aiki ba su sa hannu a zanensu ba. Daga cikin 'yan kaɗan da sunansu ya tsira a wannan sana'a ta ƙaramin zane akwai Wesley Morse, wanda ya zana Bazooka Joe, yaron nan mai rufaffen ido ɗaya da kamfanin Topps ya riƙa naɗe zanensa tare da cingam tun shekarun 1950. Shi kuwa Cracker Jack, a 2016 aka daina saka kayan wasa a kwalinsa, aka maye gurbinsu da wata 'yar takarda mai lamba wadda ake haskawa da wayar hannu.