Yau zan rage wa ƙwayoyin tsoka abinci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Siyatil ta ƙasar Amurka. Ku duba farantin nan. Ruwan ja-ja da kuke gani abinci ne, masu cin abincin kuwa suna manne a ƙasa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ƙwayoyin tsoka ne masu suna C2C12, daga tsokar cinyar ɓera aka samo kakanninsu a 1977 a Isra'ila, kuma har gobe zuriyarsu ake raino a ɗakunan bincike na duniya.

Aikin yau kenan. Da ina ba su abinci mai ruwan jinin ɗan tayin saniya, kashi 10 cikin 100, suna ta rabuwa biyu-biyu. Yanzu zan koma ruwan jinin doki, kashi 2 kacal. Da sun ji an tsuke musu, sai su bar rabuwa, su miƙe, su jeru, su fara haɗewa da juna har su zama zare guda mai cibiyoyi da yawa. Wani zaren ma za ka ga yana ɗan motsi shi kaɗai a cikin faranti, ba jijiya, ba ƙwaƙwalwa. Wallahi har yau in na gani sai tsigar jikina ta tashi.

To wa ke ba su umarni? A nan garin ne a 1987 Harold Weintraub da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gado mai suna MyoD. Ita ɗaya tak suka cusa wa ƙwayoyin da ba na tsoka ba, sai ga su sun rikiɗe sun zama na tsoka. A wajena wannan gwaji ya fi ƙarfin yabon da ake masa.

Masu ɗaga ƙarfe, ku matso kusa. A jikinku ma akwai irinsu, suna kwance a gefen zaren tsoka suna barci, sai tsokar ta ji rauni su farka su yi gyara. Alexander Mauro ya fara bayyana su a 1961, a jikin kwaɗo.

Haɗewar ce ta daɗe tana ba masana wahala, sai a 2013 aka gano sinadarin Myomaker, mai sa ƙwayoyin su haɗe, a Dalas ta Amurka. Ɓerayen da aka cire wa shi, ƙwayoyinsu na nan amma sun kasa haɗewa, kuma ba sa rayuwa bayan haihuwa.